Harafin R mai karkarwa: gado ne, koyo ne, ko kuwa aikin iska?

Shin akwai mutanen da aka halitta ba za su taɓa iya kaɗa harshe su ce "rrr" ba? Tambayar ta daɗe tana yawo a intanet. Bidiyoyin koyar da wannan sauti guda ɗaya sun cika YouTube da TikTok, akasarinsu don mutanen Ingila da Amurka masu koyon Sifaniyanci ko Italiyanci ko Rashanci, kuma ba a rasa mai cewa shi kam ya haƙura, abin a jini yake, bai gada ba. Mu kuma nan akasin haka ne ke damunmu. Bahaushe ya yi Turanci, r ɗinsa ya fito da ƙarfinsa, sai a yi masa dariya a ce bai goge ba. Abin da wani ke biyan kuɗi ya koya, shi wani ke ƙoƙarin kankarewa daga bakinsa. Duka ɓangarorin biyu sun yi wa sautin mummunar fahimta, kuma Bahaushen ma bai cika sanin cewa r biyu ne a bakinsa ba.

Me ake nufi da ra-gare?

Ɗaliban Hausa a jami'o'i da kwalejojin ilimi sun san sunan. A darasin ilimin furuci, r mai karkarwa shi ake kira ra-gare. Tsinin harshe ne ke matsawa kusa da hanƙa, wato ɗan tudun da ke bayan haƙoran sama, sai ya riƙa bugunta yana saki, bugu a kan bugu, cikin saurin da kunne ba ya iya ƙirgawa. Tantanin maƙwallato kuma yana karkarwa a lokaci guda, shi ya sa sautin ke fita da ziza.

Ƙungiyar masana furuci ta duniya, wadda aka kafa a Paris a 1886 ƙarƙashin jagorancin Paul Passy, ta ware wa kowane sauti alamarsa. Abin lura shi ne, harafin r tsurarsa, ba tare da wata ƙugiya ko juyawa ba, ra-gare aka ba wa. R na Turancin Ingila da Amurka sai da aka kifa harafin aka rubuta shi [ɹ]. Mai bugu ɗaya tak ana rubuta shi [ɾ]. Wanda ake naɗe harshe baya sannan a fyaɗo shi gaba, wato ra-kaɗe, shi ne [ɽ]. Na can ƙasan maƙogwaro irin na Faransawa kuwa [ʀ] ne idan beli ne ke karkarwa, ko [ʁ] idan zuza kawai iska ke yi, wato tana gogar ƙunƙuntar hanya tana wucewa ba tare da karkarwa ba.

Iska ce ke yin aikin

A nan mafi yawan masu koyo suke ɓata. Suna zaton tsokar harshe ce ke kai da komowa da sauri, sai su ɗaure harshen tamau su dage da ƙarfi, abin kuma ya ƙi. A ra-gare tsinin harshe yana bugun hanƙa tsakanin sau 20 zuwa 30 a sakan guda. Babu mai iya ba wa tsokarsa umarni ta motsa da wannan sauri. Abin da mai magana ke yi kawai shi ne ya ajiye harshen a wurin da ya dace, gefensa biyu su riƙe haƙoran sama don kada iska ta zurare, tsinin kuma ya kasance a sake.

Daga nan iskar huhu ta karɓi ragamar. Tana taruwa a bayan tsinin harshe har ta fi ƙarfinsa ta ture shi. Da ƙofa ta buɗe sai iskar ta fice a guje, matsin da ke wurin ya faɗi, harshen ya koma ya rufe, saboda tsokarsa na jan sa kuma iskar mai gudu tana tsotso shi. Sai ta sake taruwa, ta sake turewa. Kamar zanin da aka shanya a igiya ne lokacin hunturu: ba shi ke kaɗa kansa ba, kuma da za a ɗame shi ta kowace kusurwa da bai kaɗu ba. Wannan dangantaka tsakanin gudun iska da faɗuwar matsi ita ce masanin lissafi Daniel Bernoulli ya bayyana a 1738, kuma tana cikin abin da ke sa tantanin maƙwallato ma karkarwa.

Sharuɗɗan suna da tsauri. Idan ratar da ke tsakanin harshe da hanƙa ta yi faɗi, zuza za a ji. Idan harshen ya danne da yawa, d ko t za a samu. Idan iskar ba ta kai ba, bugu ɗaya zai yi ya tsaya. Shi ya sa ko a harsunan da aka san su da ra-gare, a maganar yau da kullum bugu biyu ko uku ake yi, wani lokaci ma ɗaya. Doguwar "rrrr" ta masu sharhin ƙwallo a rediyon Sifaniya da Ajantina ado ne na sana'a, ba haka suke magana da iyalinsu ba.

Daga ina batun gado ya fito?

Akwai wani abu daban da ake koyarwa a darasin halittu: iya naɗe harshe ya zama kamar bututu. A 1940 masanin gado Alfred Sturtevant ya kawo ra'ayin cewa ƙwayar gado guda ce ke sa mutum ya iya ko ya kasa. A 1952 Philip Matlock ya duba tagwaye masu kama ɗaya, ya tarar da waɗanda ɗaya ya iya ɗaya bai iya ba, kuma daga baya Sturtevant da kansa ya janye. Amma labarin ya riga ya shiga littattafan makaranta. Da yake a Turanci kalma guda, wato "roll", ake amfani da ita ga naɗe harshen da kuma furta ra-gare, sai mutane suka cakuɗa biyun.

Hujjar da ta rushe zancen a fili take. Ɗan Sin ko ɗan Ingila da ya tashi a Madrid yana furta ra-gare kamar kowa a unguwarsu. Ɗan Bahaushe da aka haifa a Landan, bai ji Hausa sosai ba, r ɗin Ingila zai ɗauka. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma gidan a nan shi ne inda kunne ya tashi. Babba yana shan wuya ne saboda shekaru da yawa harshensa ya saba da wani zama, ba don an hana shi wata tsoka ba.

Dangi ne da ba su yi kama ba

Peter Ladefoged da Ian Maddieson, waɗanda suka tattara sautukan harsunan duniya a littafinsu na 1996, sun ƙiyasta cewa kusan kashi 75 cikin 100 na harsuna suna da wani nau'i na r. Mafi yawa guda ɗaya gare su, ƙalilan ne ke da biyu ko uku. Abin da ya daɗe yana ba masana ciwon kai shi ne, babu wata siffa guda da ta haɗa dukkan waɗannan sautuka. Wani a tsinin harshe, wani a maƙogwaro. Wani da karkarwa, wani ko taɓa hanƙa ba ya yi. Abin da ya haɗa su shi ne tarihi da hali: sukan zauna a gurbi iri ɗaya cikin kalma, kuma ɗaya yakan rikiɗe ya zama ɗaya cikin sauƙi.

A Sifaniyanci bambancin bugu ɗaya da bugu da yawa yana canza ma'ana. Pero na nufin "amma", perro kuwa "kare". Caro "mai tsada", carro "keken kaya" ko "mota". A farkon kalma kullum ra-gare ne ko da r guda aka rubuta. Italiyanci da Rashanci da Folanci da Fillanci duk suna da r na tsinin harshe. Mutanen Wales suna da wanda ba shi da ziza, suna rubuta shi rh. Mutanen ƙasar Cek suna da ř, wanda ke cikin sunan mawaƙin nan Dvořák, inda karkarwa da zuza ke fita tare, kuma yana cikin sautukan da 'ya'yansu ke koya daga ƙarshe. Harshen Toda na tsaunukan Nilgiri a kudancin Indiya yana da ra-gare har iri shida. A Najeriya ma harshen Edo na Benin yana rarrabe r da rh da rr a rubutunsa.

Ba harshe kaɗai ke karkarwa ba. Leɓɓa ma suna yi, irin yadda yara ke kwaikwayon ƙarar babur. Abin da yake wasa a wurinmu baƙi ne cikakke a wasu harsuna, kamar Mangbetu a Kwango, da Medumba a Kamaru, da Titan da Kele a tsibirin Manus na Papua New Guinea.

Yadda r ya koma maƙogwaro, da yadda daraja ke bin masu iko

Faransancin da ake ji yau a RFI r ɗinsa a maƙogwaro yake, amma ba haka yake tun asali ba. Latin, uwar Faransanci, ra-gare take da shi, har Rumawa suna yi masa laƙabi da harafin kare saboda ya yi kama da gurnani. A wani wasan kwaikwayo na marubucin Faransa Molière na 1670, malami yana koya wa wani attajiri furta R, ya ce masa ya kai tsinin harshe sama ya bar iska ta kaɗa shi. Ke nan a zamanin Sarki Louis na 14 abin da ake ɗauka daidai shi ne irin namu. Tsakanin ƙarni na 17 da na 18 r na maƙogwaro ya kafu a Paris, daga nan ya bi birane.

Yau ana jin sa a mafi yawan Jamus, da Denmark, da kudancin Sweden, da yankin Bergen a Norway, da Lisbon, da Ibrananci na zamani. A Brazil ya ƙara zamewa har ya kusa zama h, shi ya sa 'yan ƙasar ke kiran Rio kamar "Hiyu". Masana sun rabu biyu a kan dalili. Wasu na ganin kwaikwayon manyan Paris ne ya yaɗa shi, a zamanin da Faransanci ke harshen fada a Turai. Wasu na cewa sauyin ya faru a wurare da dama ba tare da sun ari juna ba, tunda ra-gare sauti ne mai wuyar sharaɗi, kuma bayan harshe dama yakan ja baya yayin furta shi. Ni dai ina ganin ba sai an zaɓi ɗaya ba: wahalar sautin ta buɗe ƙofar, darajar birni ta tura mutane ciki. A Montreal ta Kanada an ga abin da ido, domin cikin rabin ƙarshe na ƙarni na 20 masu Faransancin birnin suka bar r na tsinin harshe suka koma na maƙogwaro, kuma masu bincike sun naɗi muryoyin mutane guda a shekaru daban-daban suna sauyawa.

Inda abin ya fi ba da haske shi ne hukuncin da jama'a ke yanke wa sautin. A Faransa mai ra-gare ɗan ƙauye ne. A Rasha da Italiya mai r na maƙogwaro shi ake ɗauka yana da tsamin baki, kuma Lenin, jagoran juyin juya halin Rasha, ya shahara da wannan. A Jamus, ƙa'idar furucin dandalin wasan kwaikwayo da aka tsara a 1898 r na tsinin harshe ta wajabta, yau kuma an fi danganta shi da Bavaria da karkara. A Japan, inda r ɗinsu bugu ɗaya ne, karkaɗa shi alama ce ta faɗa da tsageranci.

Masanin harshe William Labov ya gwada wannan a New York a 1962. Ya shiga manyan kantuna uku, Saks na masu kuɗi, Macy's na matsakaita, S. Klein na talakawa, yana tambayar ma'aikata inda wani kaya yake, alhali ya san amsar ita ce hawa na huɗu, kalmomi biyu masu r a Turanci. Ya tarar ma'aikatan kantin masu kuɗi sun fi furta r. A Ingila kuwa yar da wannan r ɗin shi ne furucin fada da na BBC, mai furta shi ana jin sa kamar manomin yammacin ƙasar. Harshe ɗaya, sauti ɗaya, hukunci biyu masu karo da juna. Don haka idan aka yi wa ɗan Kano dariya kan r ɗinsa na Turanci, ko ɗan Maraɗi kan r ɗinsa na Faransanci, ba wata ƙa'idar kimiyya aka kare ba. 'Yan Sukotland da yawa da tsinin harshe suke yin nasu, kuma Turancin nasu ne na gado.

Ra'un masu tajwidi

Almajiran Alƙur'ani sun riga masana furucin Turai na zamani nazarin wannan sauti da ƙarnuka. Sibawaihi, malamin nahawun Larabci wanda ya rayu a ƙarni na biyu na Hijira, ya siffanta ra'un da cewa harafi ne mai maimaituwa. A tajwidi ana kiran siffar takriri, kuma malamai da yawa suna cewa ana koyon ta ne don a san yadda za a taƙaita ta. Ibnul Jazari, wanda ya rasu a 833 bayan Hijira, ya yi umarni a cikin waƙensa na tajwidi da a ɓoye takririn idan ra'un na da shadda. Dalilin a bayyane yake: idan mai karatu ya saki harshe a "Ar-Rahman", sai harafi ɗaya mai shadda ya zama haruffa huɗu ko biyar. Bahaushe, wanda ra-gare ba ya yi masa wuya, ya fi kowa buƙatar wannan gargaɗi. Sannan ga hukuncin kaurarawa da sirantawa, wanda a ruwayar Warshu da aka gada a makarantun allo na ƙasar Hausa yake da ƙa'idoji fiye da na Hafsu.

Larabawa ma ba duka suka iya ba. Marubucin Larabci Jahiz ya ba da labarin Wasil ɗan Aɗa'u, jagoran Mu'utazilawa a Basra da ya rasu a 131 bayan Hijira, wanda ra'un ya gagare shi. Maimakon ya bar huɗuba, sai ya riƙa kauce wa duk kalmar da ke da harafin. Idan zai ce burr sai ya ce ƙamh ko hinɗa, dukkansu alkama ke nan. Har yau kuma a Larabcin Mosul ta Iraƙi ra'un yakan fita kamar gainun a kalmomi da dama.

R biyu na Bahaushe

Ka faɗi waɗannan a hankali, ka lura da harshenka: ruwa, rana, kare, gari, sarki. Yanzu ka faɗi waɗannan: rubutu, karatu, barka, tara da ke bin takwas, biyar. A rukunin farko tsinin harshe yana lanƙwashewa baya, sannan ya fyaɗo gaba ya shafi hanƙa sau ɗaya yana wucewa. Ra-kaɗe ke nan. A rukuni na biyu harshen bai naɗe ba, hanƙa yake buga kai tsaye, sau ɗaya ko fiye. Ra-gare ke nan, kuma ya fi fitowa sosai idan an ninka shi, kamar a sharri da sirri.

Misalin da malaman Hausa suka fi kawowa shi ne bara. Baran sarki, wato mai yi masa hidima, da ra-kaɗe ne. Barar da almajiri ke yi da ra-gare ne. Karin sautinsu ɗaya, tsawon wasulansu ɗaya, r ɗin kaɗai ya raba su. Bara ta shekarar da ta wuce kuwa ta fita daban ta wajen kari da tsawon wasali. Duk Bahaushen Kano ko Katsina yana yin wannan bambanci ba tare da an koya masa ba, amma ka tambaye shi r nawa ne a Hausa, zai ce ɗaya, domin ɗaya ya gani a allo. Boko harafi guda ya ba su, ajami ma ra'un guda ya ba su. A ƙamusoshi da littattafan masana ne kawai, irin na Paul Newman, za ka ga an ɗora wa ra-gare 'yar alama a ka, r̃. Newman ya rubuta maƙala sukutum a kan waɗannan r biyu a 1980.

Ra-kaɗe shi ne na asali a tsofaffin kalmomin Hausa, kuma shi ne ya fi ƙaranci a duniya. Masu kallon finafinan Indiya suna jin ɗan'uwansa a kalmomin Hindi na yaro da yarinya, larka da larki. Ra-gare kuwa ta ƙofofi uku ya yawaita a Hausa.

Ƙofa ta farko aro ce. Kalmomin Larabci sun shigo da shi: rahama, riba, Laraba, arba'in, albarka. Na Turanci ma haka, kamar rediyo da burodi. Har l na ƙarshen kalmar Turanci Hausa ta mayar ra-gare, shi ya ba mu tebur, fensir, shebur, kyandir, fetur, janar da kanar.

Ƙofa ta biyu sauyi ne na cikin gida, wanda Bajamushe August Klingenheben ya bayyana a ƙarshen shekarun 1920, har ake kiran dokar da sunansa. A tsohuwar Hausa, idan baƙi irin t ko ɗ ya faɗo a ƙarshen gaɓa, sai ya koma ra-gare. Shi ya sa tilon fatake ya zama farke: t ɗin yana nan a jam'i inda wasali ya biyo shi, ya narke a tilo inda ya rufe gaɓa. Haka ɓata ta haifi ɓarna, kaɗa ta haifi karkaɗa. R ɗin da ke ƙarshen "rigar Audu" ma asalinsa t ne, na "ta" ɗin mallaka, kuma Sakkwatawa da ke cewa biyat a maimakon biyar tsohon furucin suka riƙe. Dokar ce dai ta sa Kano ke cewa zauna da sauro inda yammacin ƙasar Hausa ke cewa zamna da sabro. Wanda ke yi wa Basakkwace dariya kan waɗannan, kakan kalmarsa yake yi wa.

Ƙofa ta uku ita ce kalmomin kwaikwayon sauti da motsi. Tsuntsu ya tashi firrr, ruwa ya zubo shar, abu ya yi garas-garas a baki. A nan Bahaushe yakan ja karkarwar yadda ya ga dama.

Ba kowane mai Hausa ke raba su daidai wa daida ba. Akwai kalmomin da wani gari ke yi da wannan, wani da wancan, a wasu wuraren ma l ke shiga gurbin, kamar falke da halshe da galma. Waɗanda suka koyi Hausa a matsayin harshe na biyu kuma sukan haɗe su su zama ɗaya, ana kuma fahimtarsu sarai.

Kunne yana jin kaushi

Tun zamanin Girkawa, masanin falsafa Aflatun ya sa a bakin malaminsa Sukurat cewa r harafin motsi ne, saboda harshe ba ya zama wuri ɗaya wajen furta shi. A 2022 masanin harshe Bodo Winter da abokan aikinsa suka duba harsuna 332, suka tarar kalmomin da ke nufin kaushi sun fi ɗaukar ra-gare fiye da masu nufin santsi. A 2024 wani binciken da Aleksandra Ćwiek ta jagoranta ya nuna wa masu harsuna 28 layi biyu, ɗaya mai zigizagi ɗaya miƙaƙƙe, aka kunna musu r da l. Mafi rinjaye suka ba r mai zigizagin, l kuma miƙaƙƙen. Rinjaye ne, ba doka ba. Kalmarmu ta kaushi ba ta da r ko ɗaya, ko da yake laushi ta zo da l ɗinta, kuma gurza da karce da gurnani suna goyon bayan binciken.

Yaron da ke cewa "luwa"

Ra-gare yana cikin sautukan da yara ke kamawa daga ƙarshe a kusan duk harshen da ke da shi. A ƙasashen Sifaniyanci ba abin mamaki ba ne yaro ya kai shekara biyar ko shida bai daidaita shi ba. Saboda haka ɗan shekara uku da ke cewa "luwa" ko "yuwa" lafiyarsa ƙalau. Tsokana da kwaikwayonsa a gaban baƙi ba sa gyara komai, sai dai su sa ya daina magana. Idan ya kai shekarun shiga firamare sosai abin bai sauya ba, musamman idan wasu sautukan ma suna ɓace masa, abin da ya dace shi ne a kai shi asibiti a fara duba jinsa, domin yaro ba ya furta abin da bai ji da kyau ba.

Akwai al'adu biyu da suka shafi wannan kai tsaye. Ɗaya ita ce yankan linzami, 'yar fatar da ke ƙarƙashin harshe. Gaskiya ne idan ta yi gajarta sosai tana iya hana tsinin harshe ɗagawa, amma yawancin yara masu tsamin baki ba ita ce matsalarsu ba, kuma likita ne ya kamata ya tantance. Ta biyu ita ce cire beli da wanzamai ke yi wa jarirai a ƙasar Hausa, a Najeriya da Nijar. Likitoci sun daɗe suna gargaɗi kan zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Ta fuskar furuci, belin nan shi ne ke karkarwa a [ʀ]. Hausa ba ta amfani da shi, kuma wanda aka cire wa zai iya yin r na Faransanci mai zuza, amma gaɓa ce mai aiki, ba wani saura da aka manta a maƙogwaro ba.

Babban da ke son koyon ra-gare kuwa, hanyar da malaman furuci suka fi bi ita ce farawa daga d ko t, tunda wurin furucinsu ɗaya ne. A ce "dra" ko "tra" ana hura iska da ɗan ƙarfi, harshe a sake. Wasu kan samu cikin kwanaki, wasu sai sun yi watanni.

A ƙara harafi a rubutun Hausa?

Tun daga ƙa'idojin rubutu da Hans Vischer, Baturen da ake wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya fitar a 1912, zuwa shigowar haruffa masu ƙugiya a shekarun 1930, zuwa taron Bamako na 1966 kan rubutun harsunan Afirka, rubutun yau da kullum bai raba r biyu ba, kamar yadda bai nuna karin sauti da tsawon wasali ba. Masu son a raba suna da hujja. Mai koyon Hausa daga littafi ba shi da hanyar sanin wanne ne a gyara, wanne ne a shara. 'Ya'yan Hausawa da ke tashi a Legas ko Accra ko Jidda suna iya rasa bambancin. Ga kuma manhajojin da ke karanta rubutu da murya, waɗanda sai dai su yi canke idan rubutun bai gaya musu ba.

Masu cewa a bar shi ma ba su rasa tasu ba. Kalmomin da r kaɗai ke rabawa ba su da yawa, kuma jimla tana warware su: ba wanda zai karanta "almajiri ya tafi bara" ya ɗauka hidimar sarki ake nufi. A ƙarshen kalma kusan kullum ra-gare ne, ba sai an nuna ba. Garuruwa sun saɓa a wasu kalmomin, to na wa za a rubuta? Sannan har yanzu ana fama da mutane su rubuta ƙ da ɗ da ɓ a waya, inda rashin ƙugiyar ke mayar da ƙasa kasa.

Hujjar ɓangare na biyu ta fi ƙarfi a kan jarida da littafin labari da saƙon waya. Ba ta da ƙarfi a kan ƙamus, da littafin koyar da baƙi, da kundin horar da malaman firamare, da muryoyin da ake tarawa don koya wa na'ura Hausa. A waɗannan wurare huɗu alamar r̃ ba ta da tsada, tana cikin Unicode, wato tsarin haruffan kwamfuta da waya, kuma barin ta na nufin mai koyo zai ɗauki rabin abin da ke bakin masu harshen. Malamin aji uku da ya san bambancin zai iya nuna wa yara shi cikin minti biyar, da kalmar bara kaɗai da 'yan yatsunsu a kan haɓa.